Rami Mai Baki Ɗaya da Rami Mai Baki Biyu

Ina gaida mutanen Unguwar Rogo da Gangare, da na Bukuru da Barikin Ladi. Ina gaida direban da ke fama da Hawan Kibo a wannan dare, Allah ya kai ka lafiya. Sanyin Jos ya sauko, a ja bargo, a matso da rediyo kusa.

Kwanakin baya ina zaune a teburin mai shayi, sai wani yaro ɗan sakandare ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Baba, dubi wannan. Wai akwai wani rami a sararin samaniya, in mutum ya faɗa, sai ya ɓulla a wata duniya. Da gaske ne?" Na kalli bidiyon. Wanda ya haɗa shi ya ɗauki abu biyu daban-daban ya dama su kamar fura da nono. Na farko shi ne abin da masana ke kira baƙin rami. Na biyu kuwa ramin tsutsa. Yau za mu raba su.

Ku riƙe wannan tun yanzu, don zan yi ta maimaita shi. Baƙin rami bakinsa ɗaya, kuma an gan shi. Ramin tsutsa bakinsa biyu, kuma har yau a takarda yake.

Kafin mu hau sama, mu fara daga gida.

Mu mutanen Filato ba a koya mana rami. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka duƙufa haƙar kuza a nan. Suka kwashe, suka tafi, suka bar mana kududdufai daga Rayfield har Barikin Ladi. Kowa a cikinmu ya taso da kashedin uwa: kada ka je bakin ruwan nan. Samansa lumui, ƙasansa ba wanda ya san iyakarsa. Ta inda aka shiga, ta nan kaɗai ake fita, in an fita.

Akwai kuma ramin 'yan loto. Su kan haƙa kamar rijiya, su gangara ƙasa. In sun iske kuza, sai su bi ta a kwance. Wani lokaci ramin wannan ya haɗu da na wancan a can ƙarƙashi. Mutum ya shiga ta nan, ya fito ta can, bai taka ƙasar da ke tsakani ba.

Kududdufi da loto. Ku ajiye su a zuciya, za mu dawo kansu.

To, kashi na farko: mene ne baƙin rami?

Ɗauki dutse ka cilla sama. Zai dawo. Ƙara ƙarfi, zai ƙara nisa, amma zai dawo. Ƙasa ce ke jansa. Wannan jan shi ke riƙe da ni a kan kujerar nan, shi ke riƙe da wata a kewayen duniya. Kafin abu ya kuɓuce wa jan ƙasa gaba ɗaya, sai ya yi gudun kusan kilomita 11 a cikin sakan ɗaya. Ban ce a awa ba. A sakan.

In abu ya fi duniya nauyi, kuma ya fi ta curewa, gudun da ake bukata sai ya ƙaru. To, wa ya fi kowa gudu a cikin halitta? Haske. Yana cin kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Daga rana zuwa nan, minti 8 da 'yan sakanni ya iso. Yanzu ku ɗauka akwai wurin da jansa ya kai, ko haske ya taso ba zai tsira ba. In haske bai fito ba, ido ba zai ga komai ba. Sai duhu. Wannan shi ne baƙin rami.

Tunanin ya daɗe. Wani limamin coci a Ingila mai suna John Michell ya kawo shi tun 1783, aka manta da shi. Sai a 1915 Albert Einstein ya zo da sabon bayani game da wannan ja. Ya ce sarari da lokaci kamar shimfiɗa suke, nauyi kuma lotsa su yake yi.

Uwargida, ga misali a ɗakinki. Ɗora dutsen niƙa a tsakiyar katifa. Katifar za ta lotsa. Gangaro lemo daga gefe, za ki ga ya karkata ya nufi dutsen. Ba igiya aka ɗaura masa ba, shimfiɗar ce ta lanƙwashe, shi kuma ya bi. Haka rana ta lotsa sarari, duniya ke bin gefen lotsawar tana zagaye.

Watanni kaɗan bayan haka, wani Bajamushe, Karl Schwarzschild, ya warware lissafin Einstein. Yana soja ne a lokacin, a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bai daɗe ba ciwo ya kashe shi a 1916. Lissafinsa ya nuna cewa kowane abu, in aka matse shi ya kai wani ƙanƙanta, lotsawar za ta zama rami marar mafita. Rana, duk girmanta, sai an cure ta ta koma dunƙulen da faɗinsa bai wuce kilomita 6 ba. Bai kai rabin tafiyar Jos zuwa Bukuru ba. Duniyarmu kuwa, da duwatsun Shere da tekuna da kowa da kowa, sai ta koma kamar ƙwallon goro.

Kun ga ashe sunan yana ruɗarwa. Kududdufi wuri ne da aka kwashe ƙasa, ya zama fanko. Baƙin rami kuwa kaya ne ya yi yawa a wuri ɗan ƙarami.

Wa ke iya wannan matsi? Tauraro da kansa. Tauraro wuta ce mai ci. Zafin cikinsa na turawa waje, nauyinsa na dannawa ciki, suna kokawa shekaru miliyoyi. Ranar da makamashin ya ƙare, nauyi ya yi kaye. In tauraron ƙato ne, wanda ya ninka ranarmu sau 20 ko fiye, cikinsa sai ya rufta a kan kansa. Ranarmu ba ta kai wannan girman ba, saboda haka a kwantar da hankali.

Ramin yana da iyaka, wadda zan kira iyakar ba-dawowa. Babu katanga a wurin, babu alama. Amma duk abin da ya tsallaka ta, shi ke nan. A kududdufi ana iya jefa wa mutum igiya, gwanin iyo ya ciro shi. Nan babu igiya. Ko ihu ba zai fito ba, ko saƙon waya, domin shi ma saƙon waya da gudun haske yake tafiya.

In ramin ƙarami ne, tun kafin mutum ya kai iyakar ya gama wahala. Jan da ke ƙafarsa ya fi na kansa nesa ba kusa ba. Sai ya miƙe, ya sirance, kamar taliyar da ake murzawa.

Akwai wani kuskure da nake yawan ji, wai baƙin rami yana yawo yana zuƙe komai. A'a. Da za a ɗauke rana yau a sa baƙin rami mai nauyinta daidai, duniya za ta ci gaba da zagayenta kamar jiya. Duhu da sanyi ne za su kashe mu, ba haɗiya ba. Kududdufi ba ya bin mutum gida. Baƙin rami mafi kusa da mu da aka gano, haske ma sai ya yi tafiyar shekara fiye da 1,500 kafin ya kai.

Bari in ɗan ratse, don wannan yana ba ni sha'awa. Na ce nauyi na lotsa sarari da lokaci. Har da lokaci. Inda ja ya fi ƙarfi, agogo ya fi nawa. Mu a Jos muna kan tudu, mita 1,200 ko fiye sama da teku. Mun ɗan fi mutanen Legas nisa da tsakiyar ƙasa. Saboda haka agogonmu ya fi nasu sauri. Da nawa? Raba sakan ɗaya gida miliyan, ka ɗauki kamar 4. Shi ne ribarmu a shekara guda. Ba zai sa kowa ya makara aiki ba. Amma taurarin ɗan'adam da ke nuna wa wayarku hanya dole a riƙa gyara musu wannan bambanci, in ba haka ba taswirar ta kai ku daji. A bakin baƙin rami abin ya wuce misali. In kana kallon wanda ke faɗawa daga nesa, za ka ga yana rage gudu, yana rage gudu, yana dusashewa, har ya ɓace maka ba ka ga shigarsa ba.

Masu saurare, mu sha ruwa kaɗan, mu shiga kashi na biyu. Tambayar ita ce: abin da ba ya fitar da haske, yaya aka yi aka gan shi?

Ba ka ganin iska, amma kana ganin rawar ganye. Haka aka yi.

Shaida ta farko, taurari masu zagaya abin da ba a gani. Rana tana cikin wani babban garken taurari. Wasu masana biyu, Reinhard Genzel daga Jamus da Andrea Ghez daga Amurka, kowa da tawagarsa, sun shafe shekaru suna bin taurarin da ke tsakiyar garken. Suka ga ɗaya yana kammala zagaye duk shekara 16, da gudu na fitar hankali, a kewayen wurin da ba a ganin komai. Suka auna. Abin da ke wurin ya kai nauyin rana miliyan 4. A 2020 aka ba su kyautar Nobel, tare da Roger Penrose na Ingila.

Shaida ta biyu, kunne ne ya ji. Ranar 14 ga Satumba, 2015, wasu na'urori biyu a Amurka da ake kira LIGO suka kama wata girgiza. Kowace na'ura tana da hannu biyu, kowane hannu tsawon kilomita 4. Abin da suka kama, baƙaƙen ramuka ne biyu suka yi karo suka haɗe. Ɗaya ya kai nauyin rana 36, ɗaya 29. Karon ya kaɗa shimfiɗar sarari kamar yadda dutse ke kaɗa ruwan kududdufi. Kaɗawar ta yi tafiyar shekara biliyan 1 da miliyan 300 kafin ta iso mu.

Shaida ta uku, hoto. Ranar 10 ga Afrilu, 2019, aka nuna wa duniya hoton baƙin rami na farko. An haɗa manyan na'urorin hangen nesa 8, daga Hawai zuwa Sifen, daga Chile zuwa ƙuryar kudancin duniya mai ƙanƙara, suka yi aiki kamar ido ɗaya. Bayanan da suka tara sun yi wa intanet yawa. Sai da aka loda su a faya-fayen kwamfuta aka ɗauka a jirgin sama. Na ƙuryar kudu ma sai da suka jira watanni, sanyi ya sassauta, jirgi ya samu sauka. Mai ƙorafin rashin sabis a unguwarsu, ga abokan kuka.

Me aka gani a hoton? Zoben wuta, tsakiyarsa baƙi ƙirin. Kamar ka leƙa murhu da dare, garwashi ya kewaye gindin tukunya. Wutar, iskar gas ce mai tsananin zafi da ke zagaye kafin ta faɗa. Duhun tsakiya kuwa inuwar ramin ce. Yana cikin garken taurarin da ake kira M87, nauyinsa ya kai rana biliyan 6 da rabi. A watan Mayu na 2022 aka fito da hoton namu, na tsakiyar garkenmu.

An auna shi. An ji shi. An ɗauki hotonsa. Baƙin rami bakinsa ɗaya, kuma an gan shi.

Yanzu kashi na uku, ramin tsutsa.

Ɗauki dankalin Bokkos guda ɗaya. Tururuwa tana wannan gefe, tana so ta je wancan. Dole ta bi bayan dankalin ta zagaya. Tsutsa kuwa ba ruwanta da zagaye. Sai ta huda ta tsakiya ta ɓulla. Daga nan sunan ya samo asali. Wani masani Ba'amurke, John Wheeler, shi ya raɗa shi a 1957. Shi ne kuma ya yayata sunan baƙin rami shekara 10 bayan haka.

Yara, ku gwada wannan a gida. Ku samu takarda. Ku rubuta Jos a wannan ƙarshe, Makka a wancan. Tsakaninsu akwai nisa. Ku naɗe takardar har sunayen biyu su haɗu, ku soka tsinke. Ga hanya ta samu, gajeriya. In sarari yana lanƙwashewa kamar yadda Einstein ya ce, me zai hana a samu irin wannan yanke?

Dalilin da ya sa mutane ke kwaɗayin abin a fili yake. Sama tana da faɗi. Tauraron da ya fi kusa da rana, haske na shekara 4 da 'yan watanni kafin ya kai. Kumbon Voyager 1, wanda aka harba tun 1977, yana gudun kusan kilomita 17 a sakan. Da can ya nufa, sai ya yi shekara fiye da 70,000 a hanya. Wa zai ƙi yanke?

A 1935 Einstein da abokin aikinsa Nathan Rosen suka nuna cewa lissafin ya yarda da wata irin gada tsakanin wurare biyu. Ku lura da kyau a nan. Lissafin da suka yi aiki da shi, shi ne dai na Schwarzschild, wanda ya haifi baƙin rami. Uwa ɗaya ta haife su. Shi ya sa ake rikita su, kuma ban ga laifin yaron nan na teburin mai shayi ba.

Sai dai gadar tana da matsala. A 1962 Wheeler da Robert Fuller suka sake duba ta. Suka ga tana buɗewa ta tsuke nan take. Ko haske bai isa ya tsallaka ba kafin ta rufe. Duk wanda ya san loto ya san wannan tsoro. Ramin da ba abin da ya tokare shi, ruftawa yake yi, kuma mun sha jin labarin waɗanda ƙasa ta danne. Allah ya jiƙansu. Ban da haka ma, baƙin ramin da ya samu daga mutuwar tauraro ba ya zuwa da wannan gada. Gawar tauraron ta cike gurbin.

Maganar ta kwanta har shekarun 1980. Abin dariya, littafin ƙagaggen labari ne ya tashe ta. Carl Sagan yana rubuta wani labari mai suna Contact, yana so jarumarsa ta yi doguwar tafiya cikin ɗan lokaci. Da farko baƙin rami ya sa ta shiga. Ya tambayi abokinsa Kip Thorne. Thorne ya ce masa in ta shiga nan ba za ta fito ba, a nemi wata hanya. Daga nan Thorne da ɗalibinsa Michael Morris suka zauna suka yi lissafi, suka fitar da shi a 1988. Tambayarsu ita ce, me ake bukata ramin tsutsa ya zauna a buɗe har mutum ya wuce?

Amsar: sai an samu abin tokarewa. Ba itace ba, ba ƙarfe ba. Duk abin da muka sani, dutse ne ko ruwa ko iska, ja yake yi. Ramin tsutsa yana bukatar abin da ke turawa, abin da ƙarfinsa ya gaza sifiri. Ka yi tunanin buhun da in ka ɗora a sikeli, allurar ta koma baya. An ga ɗan burbushin irin wannan hali a ɗakin gwaji, tsakanin faranti biyu na ƙarfe da aka kusanta ƙwarai. Amma tsakanin wannan burbushi da abin da zai riƙe rami a buɗe, akwai tafiya mai nisa.

Ni dai ga ra'ayina. Ba na raina lissafi. Baƙin rami ma ya yi shekara kusan 50 a takarda kafin a fara ganin alamarsa a sama, Einstein da kansa bai yarda akwai shi ba. Amma shi baƙin rami mun san abin da ke haifar da shi: tauraro ya mutu, ya rufta. Ramin tsutsa kuwa ba wanda ya nuna hanyar da halitta za ta bi ta haƙa shi, balle ta tokare shi. Zanen gida daban, gida daban. Mai zane na iya zana bene hawa 100 a kan dutsen Riyom, takarda ba za ta yi gardama ba.

Saboda haka in kun ga fim irin Interstellar na 2014, ku kalla ku more. Kip Thorne ɗin nan shi ya ba masu fim ɗin shawara, kuma a cikinsa an raba abubuwan biyu: ta ramin tsutsa matafiyan suka wuce, suka iske baƙin rami a can. Amma inda jarumin ya faɗa baƙin ramin ya fito da ransa, nan mai labari ne ke magana.

Ɗana na teburin mai shayi, in kana saurare, ga amsarka. Wanda ya faɗa baƙin rami ba ya ɓulla ko'ina da muka sani. Abin da ke can tsakiya, lissafin Einstein kansa tsayawa yake yi a wurin, masana na nan suna ta fama. Wanda ake ɓulla ta cikinsa shi ne ramin tsutsa, shi kuwa ba a taɓa ganin ko ɗaya ba.

Kafin in sallame ku, ga aikin gida. Tsakiyar garkenmu tana fitowa sosai da daddare a watannin Yuli da Agusta. Na sani, lokacin ne hadari ke rufe Jos kwana da kwanaki. Amma akwai daren da ruwa ke ɗaukewa, sama ta wanke tas. In an dace babu wata, kuma an ɗauke wuta, ku fito tsakar gida bayan sallar isha'i. Ku fuskanci kudu, wajen Bukuru ga wanda ke cikin gari. Za ku ga jerin taurari masu siffar kunama, da wani ja a ƙirjinta, wutsiyarta a lanƙwashe. Kusa da wutsiyar akwai wani farin hazo kamar hayaƙi. Can bayan hazon ramin yake, mai nauyin rana miliyan 4. Hasken da ya taso daga gefensa ya yi shekara kusan 26,000 a hanya. A sa rigar sanyi kafin a fito.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.